Kan Keken Ɗinkin Habu

Ku 'ya'yana da jikokina kun daɗe kuna yi min dariya a kan talabijin. Da an sa shirin masu binciken kisan kai, sai ku ce ga Baba zai kama aiki, a miƙo masa tabarau. Ba na jin haushi, don gaskiya kuka faɗa. Har gobe in mai bincike ya durƙusa yana duba ƙasa ni ma sai na matso gaba kamar zan taya shi, in kuwa ya yi wauta ba na raga masa, ko da yake ba ya ji na. Amma akwai wata magana da ake yi a danginmu wadda ba ta dariya ba ce, na kuma san ta iso kunnenku. Ana cewa karatun littattafan Nasara ne ya sa na kashe ƙanena Habu da baki tun ba a ga gawarsa ba. Ke Hajara, 'yar Habu, kin fi kowa haƙƙin jin yadda aka yi, don kina goye abin ya faru, kuma ban taɓa zaunar da ke na ba ki labarin daga farko ba. To ga shi, tun hankalina yana jikina.

Gidanmu na unguwar Ridina a Injamena kakanmu ne ya kafa shi. Ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan bakin kogin Shari, ya ce zai yi damina ɗaya ya tara abin tafiya. Daminar nan ita ce ta haifi mahaifinmu, ta haife mu. Irinmu suna da yawa a unguwar, kuma muna da wata ɗabi'a da sai ka san ta za ka gane abin da zan faɗa. Mu wanda ya tafi ba ma sa shi cikin matattu, sai mu ce ya yi gabas. Kowane gida akwai labarin wani da ya ɓace a hanya ya dawo. Namu shi ne ƙanen kakanmu, wanda aka yi shekara goma sha wani abu ba a ji ɗuriyarsa ba, rana ɗaya sai ga shi da furfura da haƙorin Makka, ya tarar matarsa na nan tana jira. Mahaifiyarmu, Inna, ta biya mana labarin nan har mun haddace shi kamar karatun allo.

Ni aka sa a lekol, wato makarantar boko, na iya Faransanci, na zama akawu a wani kamfanin fata a Farsha. Habu ya gudu daga lekol ya koyi ɗinki, ya kafa kekensa a zauren gidanmu. A lokacin babu talabijin a Injamena ko na magani. Abin da muke da shi tsofaffin littattafai ne da Faransawa ke bari in za su koma gida, a zube su a tebur kusa da babbar kasuwa. Ni kuwa na labarin kisa da bincike kawai nake zaɓa, 'yan ƙanana masu yagaggen bango, kuma rabin abin da ya kamata na sayi nama da shi can yake tafiya. Mahaifiyarku ta ce da littafi ana miya da shi, da ba wanda ya kai mu ƙiba a unguwa. In na taso daga aiki bayan la'asar sai na zauna a zaure na juya wa Habu labarin da Hausa, yana taka keke yana saurare. Habu bai iya bincike ba ko kaɗan. Kowane labari matar mamacin yake zargi, ko da kuwa mamacin gwauro ne. Amaryarsa Zara ita ce gwana. Tana bayan bangon zaure tana tankaɗe, kai ka ce ba ta ji, sai kawai ta ɗaga murya.

"Yaya, likitan ne."

"Wa ya gaya miki? Ko rabi ba mu kai ba."

"Ai shi kaɗai ne bai tambayi da me aka kashe mutumin ba."

In na leƙa shafin ƙarshe sai na tarar likitan ne. Habu ya tsayar da keke ya riƙe baki, ya ce shi dai daga yau ba zai ƙara ɓoye ko kwabo a gidan nan ba. Inna kuwa ba ta son abin sam. Takan ratso zauren da buta ta girgiza kai.

"Kullum gawa, kullum gawa. Su mutanen nan ba su da wanda yake mutuwa don kwanansa ya ƙare?"

Haka muke har yaƙi ya shigo cikin gari ya raba shi biyu, Ridina kuwa ta faɗo a tsakiya. Ba zan tsaya ba ku labarin wane ɓangare ne ya yi me ba, don ni ban ga wanda ya tambaye mu ra'ayinmu ba kafin ya fara harbi. Mun daure a ƙarƙashin gado iya daurewa, sannan muka bi jama'a zuwa bakin kogi da abin da kai zai iya ɗauka, muka haye zuwa garin Kusiri a kwalekwale. Can muka kafa rumfar zana cikin dubban mutane. Mahaifinmu ya riga ya rasu, nauyin gida yana kaina da Habu, ga shi ni akawu ne ba ofis, shi tela ne ba keke. Zaman ya ci Habu ƙwarai. Yana ganin mutane da yagaggun kaya suna neman mai ɗinki, kekensa kuwa yana can ƙetare. Da aka sami 'yan kwanaki harbi ya lafa, sai ya ce zai haye ya kwance kan keken kawai ya dawo, gindi ana iya samu a Kusiri. Na hana shi, Zara ta yi kuka, bai ji ba. Ya sumbaci kanki, Hajara, ya ce a ajiye masa tuwonsa, kafin azahar zai dawo. Hantsi bai gama ɗagawa ba harbi ya ɓarke a ƙetare, irin wanda ba mu taɓa ji ba. Na tsaya a bakin ruwa har magariba ina duba kowane kwalekwale, Habu bai sauko ba.

Watanni suka wuce kafin gari ya yi shiru mu koma. Mun tarar rufin zaure ya rufta, an cire ƙofofi, ko tukunya ba a bar mana ba. Na zagaya asibiti, na tambayi waɗanda aka sako daga tsare, ba wanda ya san shi. Sai jita-jita. Wani ya ce an gan shi a Abeshe, wani ya ce sojoji sun tafi da shi arewa yana ɗinka musu kaki. Inna ta rungumi wannan ta biyun hannu bibbiyu. In an tambaye ta sai ta ce Habu ya yi tafiya, yana nan zuwa, kuma ba wanda ya isa ya yi mata gaisuwar mutuwa.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Zara. Yarinya ce da ba ta cika ashirin ba, ta zama ba matar aure ba, ba mai takaba ba. In ta sa kwalli, maƙwabta su ce har ta manta da mijinta. In ta bar idonta fari, Inna ta ce tana yi wa ɗanta mugun fata. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Mahaifinta, Alhaji Ɗanladi, ɗan kasuwa ne Bakano da bai daɗe a Injamena ba, yaƙin ya cinye masa shago, ya ƙudura komawa gida da iyalinsa gaba ɗaya. Ya so ya tafi da 'yarsa, Inna ta ce matar aure ba ta bin uba ta bar ɗakin miji. Aka kai magana gaban limamin unguwa. Liman ya ce in ba a san inda mutum ya ɓata ba, sai an jira shekara huɗu daga ranar da alƙali ya karɓi ƙara, ga shi kuwa a lokacin babu alƙali a gari balle a fara ƙirge. In Alhaji ya tafi, Zara za ta zauna ba uba ba miji ba dangi, tana jiran ranar da ba wanda ya san ta.

Wata rana da azahar ina tsakar gida ina gyara wata karyayyiyar kujera, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ke kina bayanta kina barci.

"Yaya, magana nake so mu yi."

"Ina jin ki, Zara."

"Duk littattafan nan da ka karanta mana, ba a taɓa rufe ɗaya ba a san abin da ya faru ba. Kowa yana cewa in yi haƙuri. Zan yi. Amma ina so in san haƙurin me nake yi. Ka bi min sawunsa. In yana raye zan jira shi ko shekara nawa ce. In kuwa ba ya nan, kar ka ɓoye min don tausayi."

Kunya ta kama ni. Ni da nake cika baki a zaure ina fassara dabarun masu bincike, da abin ya zo gidana sai na tsaya yawon tambayar ko an ga ƙanena, kamar mai cigiyar akuya. Washegari na fara daga inda ya kamata a fara tun farko, wato inda ya ce za shi. Na ɗaga kwanon rufin da ya danne zaure. Gindin keken yana nan, ƙarfe ne mai nauyi, ɓarayi ba su ɗauka ba. Kan babu, kuma kowa ya ɗauka sata aka yi. Sai na jawo aljihun teburin. Ga ƙananan notin da ke riƙe da kan, an naɗe su cikin ƙyalle an ƙulle. Ga igiyar fatar da ke juya keken an naɗe ta tsaf a gefe. Ɓarawo ba ya wannan, ɓallewa yake yi ya gudu. Mai niyyar dawowa ya mayar da kekensa ne yake adana noti. Na zauna a ƙasa da ƙyallen a hannuna na yi kuka, don na san Habu ya iso gida lafiya, a hanyar komawa abin ya same shi.

Mutum da ƙarfe a ka, ana harbi, ba zai yi zagaye ba. Mashigar kogin da ta fi kusa ita ce ta Sabangali. Na bi hanyar lungu-lungu. Abu ɗaya da littattafan suka koya min ya yi min rana a nan: kar ka tambayi mutum ko ya ga wane, don wani zai ce e saboda tausayi, wani ya ce a'a saboda tsoro. Sai na riƙa tambayar su wa suka zauna a unguwar nan lokacin da kowa ya gudu. Aka nuna min wani ɗan masallaci na ƙasa, inda wasu tsofaffi biyu suka ƙi tafiya, Malam Bukar da Baba Isa. Su ne suke fitowa in harbi ya tsagaita su ja waɗanda suka faɗi a titi su yi musu sallah su binne a filin bayan masallaci. Duk abin da suka samu tare da mamaci sai su ajiye a ɗan ɗakin tabarmi, ko wata rana danginsa su zo. Malam Bukar ya buɗe min ɗakin. Takalma, huluna, wata jaka, keken hawa guda. A ƙuryar akwai wani ƙunshi cikin zane mai ruwan bula, na gane zanen tun daga ƙofa, na Inna ne. Na kwance. Kan keken Habu ne, har da jan ƙyallen da ya ɗaura masa a wuya yana soka allurai, ragowar atamfar auren Zara.

Da Larabcin gari muka yi magana, don ba su jin Hausa sosai. Na tambayi Malam Bukar ko wane ne ya ɗauko kayan.

"Saurayi ne, ɗana. A kwanar can ya faɗi, kayan na gefensa. Gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa. Mu muka yi masa sallah."

Habu ke nan, kamar yana kallonsa. Sai Baba Isa ya ɗaga hannu.

"A'a, Bukar. Gajeren daban, shi ne mai jakar. Mai keken dogo ne, fari-fari. Ni na riƙe ƙafafunsa."

Suka yi ta musu a gabana, kowa ya rantse da iya abin da ya tuna. Mutane da yawa suka binne a ranar, cikin sauri, a rami ɗaya, kuma ba wanda zai tone musu kabari don ni. Na yi ta komawa, ina tambayar kowa shi kaɗai, ba wanda ya sauya magana. A littafi, irin wannan saɓanin babin ƙarshe ne yake warware shi, a tara kowa a ɗaki a nuna wanda ya yi kuskure. Ni ba ni da babin ƙarshe. Zai yiwu Baba Isa ya rikice. Zai kuma yiwu an tare Habu a hanya an tafi da shi, wani dogo ya tsinci ƙunshin ya faɗi da shi. Na auna abin ta kowane gefe. Waɗanda aka kwasa aka tafi da su, in suna raye, saƙonsu yana zuwa ta bakin direbobi, Habu kuwa ba mutumin da zai iya shiru ba ne yana da jaririya. Zuciyata ta tsaya a wuri ɗaya, amma ban gani da idona ba.

Zara na fara gaya wa, ban rage komai ba, har maganar Baba Isa. Ta daɗe tana murza jan ƙyallen nan a hannunta.

"In a littafi ne, Yaya, me za ka ce?"

"Zan ce ya rasu."

"A nan fa?"

"A nan ma haka zan ce. Sai dai a nan ina jin tsoro."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ma tun ranar da ya haye jikinta ya ba ta, ba ta dai da wanda zai faɗa tare da ita.

Sannan na ɗauki ƙunshin na kai ɗakin Inna. Ta shafa zanen, ta shinshina shi, ta saurare ni har na gama.

"Zanena ne," ta ce. "Kekensa ne. To ina shi?"

"Inna, an binne wanda ya ɗauko shi."

"Kai da bakinka ka ce ɗaya tsohon dogo ya gani. Ni ban haifi dogo ba. Ƙanen kakanku wa ya bi sawunsa? Da an bi, da an aurar da matarsa kafin ya dawo. Ka bar min yarona a hanya, kar ka je gaban Liman ka rufe masa ƙofa."

Na ce mata Zara fa. Ta ce Zara 'yarta ce, abin da ta ci shi za ta ci. Kuma har ga Allah haka take nufi, Inna ba muguwa ba ce, ku daina jin ana faɗin haka. Uwa ce da aka ce ta zaɓi tsohon da za ta yarda da shi, ta zaɓi wanda ya bar mata ɗa. Ni kuma ina da yarinya a gabana da take ƙarewa a tsaye. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na tafi.

An zauna a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, da Liman da dattawan unguwa da Alhaji Ɗanladi. Na kawo tsofaffin nan biyu, kowa ya faɗi nasa. Ban ɓoye Baba Isa ba, ku riƙe wannan, ni na biya masa kuɗin mota. Na nuna noti, na nuna zane, na faɗi hanyar da na bi. Liman ya dube ni.

"Malam Salihu, ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Allah gafarta Malam."

"To me kake shaida a kai?"

"Ina shaida cewa ya iso gida, ya ɗauki kekensa, ya shiga titin da ake harbi a cikinsa a ranar, kuma sawunsa ya ƙare a kwanar nan. Ni yayansa ne. Na yarda ƙanena ya rasu."

Liman ya yi shawara da dattawa. Ya ce hukuncin wanda ya ɓace ba a san inda ya nufa ba daban, na wanda aka tabbatar ya shiga wurin faɗa tsakanin Musulmi aka tashi ba a gan shi ba daban. Ya ce Zara ta shiga takaba. Aka shafa fatiha, mutane suka fara miƙo min hannu suna min gaisuwa.

Alhaji Ɗanladi ya ɗaga tafiyarsa har Zara ta gama takaba. Sauran kin sani, Hajara: Kano, da mutumin kirkin da ya auri mahaifiyarki ya riƙe ki kamar shi ya haife ki, da ƙannenki shida. Habu bai dawo ba, kabarinsa kuma bai bayyana ba. In kun tambaye ni ko na tabbata, zan ce muku abin da na ce wa mahaifiyarki, kuma da za a mayar da ni ƙofar masallacin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Sai dai abin bai wuce haka nan ba, akwai abin da na biya.

Da safen da Zara za ta fara takaba na ɗauka Inna za ta rufe ɗakinta. Sai ga ta ta fito da kanta, ta zaunar da Zara a tabarma, ta tsefe mata kitso a hankali, ta cire mata 'yan kunne, tana yi tana ce mata sannu 'yata, ba laifinki. Ina tsaye a bakin zaure zan fita, na ji daɗi har na fara gode wa Allah a zuciyata. Kun san ni ne ɗan farinta. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Sai dai ta ce kai, ko wancan, ko ta aiki yaro ya kira ni. In baƙo ya tambaye ta sunana sai ta sunkuyar da kai ta ce a tambayi wani. Ba ta yi min wasa, ba ta yabona a gaban mutane, duk son da take min a cikin wannan kunyar yake, kuma na san da shi. Ranar nan ta ɗago kai daga kan Zara, ta dube ni ido cikin ido, a gaban matan unguwa da suka fara taruwa.

"Salihu," ta ce, "matsa daga ƙofa, mutane za su shigo gaisuwa."

Na matsa. Ta yi shekara tara a duniya bayan wannan, a gidana, ina ci da ita ina sha da ita, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, kuma kullum da sunana take kirana.